Zaren faiba mai ƙarfi ne ko mai rauni? Muhawarar masu haɗa layi a Kumasi

Mumuni: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai magana biyu da ake faɗa wa duk wanda ya shigo aikin faiba, wato kebul ɗin intanet mai zaren gilashi, kuma sun ƙi zama wuri ɗaya. Ta farko, wai zaren gilashin nan ya fi wayar ƙarfe mai kaurinsa juriya idan ja za a yi. Ta biyu, kada a lanƙwasa shi, kada a matse shi, kada ma yatsa ya taɓa bakinsa. To mai ƙarfi ne ko mai rauni? Sannan me ke kashe layi a gidan kwastoma alhali kebul bai tsinke a ko'ina ba?

Masta Seidu: Wa alaikumus salam, Mumuni. Duka biyun gaskiya ne. Fara da sanin abin da ke hannunka. Idan ka ɓare kebul har ka iso zare ɗaya mai launi, kaurinsa maikron 250 ne, wato kwatan milimita. Launin nan da abin da ke ƙarƙashinsa roba ce, riga ce kawai. Ka cire ta, abin da ya rage gilashi ne zalla mai maikron 125. A tsakiyar gilashin akwai zuciya mai faɗin kamar maikron 9 a zaren da ake kai wa gidaje, kuma nan haske ke bi. Zuciya da bangon da ya kewaye ta gilashi ɗaya ne, sai dai an sa wa tsakiyar ɗan sinadarin jamaniyom tun wajen ƙera shi. Babu abin ɓarewar da zai raba su.

Batun ƙarfi kuwa, kafin zare ya bar masana'anta ana gwada ilahirin tsawonsa da jan da ya kai nauyin gram 860 ko kusa da haka, wanda ke miƙe shi da kashi 1 cikin 100. Inda yake da rauni sai ya tsinke tun a can. Zaren da babu tabo a jikinsa yakan ɗauki kilo 5 zuwa 6. Amma da zarar ya samu ɗan karce, duk wannan ƙarfin ya tafi. Haka kiliba, na'urar yankan zare, ke yanka shi: ta ja masa ɗan layi, ta ɗan danna, ya rabe. Abin ɓarewa da bakinsa ya lalace shi ma karcen yake yi, sai dai a inda ba ka so.

Fuseini: Masta, a gafarce ni, ƙarfin gilashi ba shi ne ke kawo yawancin kiran gyara ba. Datti ne. Zuciya maikron 9 ce, ƙurar hunturu kuwa tana da ƙwayoyin da suka kai haka. Ƙwaya ɗaya ta zauna a tsakiyar bakin kanekta, wato kan da ake sokawa a haɗa zare biyu, ta tare hasken. Mafi muni, idan aka soke kai biyu da ƙurar a tsakani, matsin da ke haɗa su yana niƙe ta cikin gilashin, ta bar rami wanda gogewa ba ta fitar da shi.

Masta Seidu: Datti na nan, ba musu. Amma ka bi layin gidajen Aboabo da Sawaba ka duba yadda ake shigar da kebul: a zagayo da shi kusurwar bango a karye, a buga masa ƙusar kilif har ta nutse a jikinsa, a bi da shi ta ƙarƙashin ƙofa, ragowar a naɗe ta ƙanƙanuwa a cusa bayan talabijin. Ko an wanke kanekta sau goma hasken ya riga ya zube a hanya.

Injiniya Ramatu: Masta Seidu da Fuseini, ku bari mu yi lissafi, zai nuna cewa kowannenku na riƙe da rabin amsar. Ana auna asarar haske da dB, kuma kowane dB 3 rabin hasken ne ya tafi. A layin GPON, wato tsarin kai faiba gidaje, na'urar ofis tana turo haske tsakanin +1.5 da +5 dBm, ma'aunin ƙarfin haske ke nan. Mu ɗauki +3. Akwatin gidan kwastoma yana ji har zuwa kamar -27. Kilomita 8 na zare a zangon nanomita 1490 (zango shi ne tsawon igiyar haske, kamar a ce launinsa) zai ci kusan dB 2. Sifilita, na'urar da ke raba haske ɗaya zuwa 8, tana cin kamar 10.5, kuma yawanci biyu ake jerawa, 21 ke nan. Kanekta 4 a kan 0.3 kowace, 1.2. Walda 6, wato wuraren da aka narka zare biyu aka haɗa, a ba su 0.6 gaba ɗaya. Jimla 24.8. Hasken zai iso gida a wajen -21.8, rarar da ta rage dB 5 ce da 'yan kai. Lanƙwasa ɗaya mai cin dB 3 da kai ɗaya mai datti mai cin 2.5 sun cinye ta, jar fitilar akwatin gida ta kama. Kowane ɗaya shi kaɗai da layin ya ci gaba da aiki, shi ya sa mai gyara ke goge kai, layi ya dawo, ya tafi yana ganin ya gama, bayan ya bar lanƙwasar tana nan.

Rabe su ba wuya. A auna a zango biyu, 1310 da 1550. Datti da mummunar walda suna cin kusan daidai a duka biyun. Lanƙwasa kuwa ta fi cin 1550 nesa ba kusa ba. Idan wuri ɗaya ya nuna 0.2 a 1310 amma 1.5 a 1550, kada a ɓata lokaci da gogewa, a je a nemo inda aka karya shi.

Mumuni: Yaya Ramatu, me ya sa dogon zango ya fi zubewa? Ai bango ɗaya suke bugawa su dawo.

Malam Issaka: Bayanin da aka saba shi ne wannan. Haske ya fi jinkiri a zuciya fiye da bango, da bambancin da bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, kamar 0.36. Saboda ƙanƙantar bambancin, hasken da zai dawo ciki sai wanda ya shafi bango a kwance, bai kauce wa miƙaƙƙen layi da fiye da digiri 5 ba. Idan ka lanƙwasa zaren, ka sa hasken ya tunkari bango a tsaye fiye da haka, sai ya ratsa ya fita.

Injiniya Ramatu: Malam, wannan bayanin ya dace da maltimod, wato zare mai hanyoyin haske da yawa, mai zuciya maikron 50 ko 62.5, amma bai amsa tambayar Mumuni ba. A zare mai hanya ɗaya, irin wanda ake kai wa gidaje, zuciyar ta yi ƙanƙanta da yawa, hasken ba ya zirga-zirga tsakanin bango da bango. Dunƙule yake tafiya, kuma gefensa yana cikin bangon tun asali. Faɗin dunƙulen a 1310 kamar maikron 9.2 ne, a 1550 kuwa ya kai 10.4. Wanda ya fi faɗi ya fi samun rabo a waje da zuciya, riƙon da aka yi masa ya fi sako-sako, don haka shi ke fara zamewa a kwana. A GPON saukowa 1490 ne, hawa 1310, shi ya sa lanƙwasa ke fara bayyana a ƙarfin da akwatin gida ke karɓa.

Malam Issaka: Haka ne a zare mai hanya ɗaya. Abin da zan ƙara shi ne, a miƙe lamarin juyawa yake yi. Dogon zango ya fi tafiya nesa: kamar dB 0.35 a kilomita a 1310, 0.2 a 1550, maltimod kuwa a 850 yana cin wajen 3. Dalili, lokacin da gilashi ya daskare ƙwayoyinsa ba su jeru daidai ba, suna warwatsa haske, kuma gajeren zango suka fi warwatsawa. Wannan asarar a cikin gilashin take, babu gwanintar da za ta cire ta.

A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashin wancan zamani ne ke shanye haske, kuma idan aka sauko da asarar ƙasa da dB 20 a kilomita za a iya sadarwa da shi. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya fitar da zare mai kusan dB 17. Kao ya samu kyautar Nobel a 2009. Ku gwada 17 da 0.2 na yau. Daga Kumasi zuwa Accra kamar kilomita 250 ne, wato dB 50 ko ba a ƙidaya walda ba, shi ya sa ake sa na'urar ƙara ƙarfin haske bayan kowane kilomita 80 zuwa 100. Gudun haske a gilashin kusan kilomita 204,000 ne a daƙiƙa, don haka tafiyar kamar kashi 1.2 cikin 1,000 na daƙiƙa ce.

Fuseini: Mu dawo ƙasa. Masta, ba yaro ma'aunin lanƙwasa a lamba, tunda kai ka kawo ta.

Masta Seidu: Zaren G.652, wanda ke cikin manyan kebul na titi, kada da'irar da aka naɗe shi ta gaza milimita 60 a faɗi. Idan babu abin awo, gwangwanin lemo milimita 66 ne, duk naɗin da ya fi shi ƙanƙanta ya matse. Zaren G.657 da ake sa wa kebul ɗin shiga gida ya fi haƙuri: A1 yana jure da'ira mai faɗin milimita 20, A2 milimita 15, B3 milimita 10. Wannan na zare ne shi kaɗai. Kebul gaba ɗayansa kuma kaurinsa ake dubawa: lokacin ja, rabin faɗin kwanar ya kai kaurinsa sau 20, bayan an kwantar da shi sau 10. Kebul mai milimita 12 ke nan yana son santimita 24 a lokacin ja.

Akwai kuma ƙaramar lanƙwasa da ido ba ya gani. Maɗaurin roba da aka ja da filaya, murfin akwati da ya danne zare, ƙwayar yashi a cikin tiren da ake jera zare. Ɗaure da hannu kawai, yadda kebul zai iya ɗan motsi a ciki.

Fuseini: To ai tunda G.657 ya zo, rabin wannan tsoron ya wuce. An ƙara masa zobe mai sinadarin fulorin kewaye da zuciya wanda ke tare hasken. Ka naɗe shi a biro mitar awon haske ba za ta motsa sosai ba.

Injiniya Ramatu: Nan ne nake jin tsoro, Fuseini. Zoben ya gyara riƙon haske, bai canza gilashin ba. Kaurinsa na nan maikron 125. Idan ka lanƙwasa zare, bayan kwanar miƙewa yake yi, kuma lissafin mai sauƙi ne: rabin kaurin gilashi a raba da rabin faɗin kwanar. A da'irar milimita 60, miƙewar kashi 0.2 ce cikin 100. A ta milimita 10 ta zama 1.25, ta haura abin da aka gwada shi da shi a masana'anta. Gilashin da ke cikin ja kuma yana shan danshi, ruwa na cin bakin duk wani ƙaramin karce a hankali, har wata rana ya rabe ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Tsohon zare yana tona asirin mummunan aiki a take, domin mita za ta nuna. Sabon yana ɓoye shi wata da watanni.

Fuseini: Injiniya, ban yarda an kai can ba. Kwana ɗaya a kusurwar ɗaki santimita ɗaya ko biyu ce ta zare, kuma rigarsa na jikinsa. Da wuya a ce mummunan tabo ya faɗo daidai wannan ɗan wurin. Don haka aka ƙera shi.

Injiniya Ramatu: Kwana ɗaya ko biyu a zare mai riga, na yarda. Ragowar mita 5 da aka naɗe a matse, ko wurin da abin ɓarewa ya taɓa kusa da walda, wannan wani abu ne dabam. Ra'ayina, ko G.657 ne a naɗe ragowa da faɗin milimita 60. Ba ya cin kuɗi.

Alhaji Tanko: 'Ya'yana, kuna ta maganar cikin ɗaki, ku fito waje. Gilashin nan ba ya jin zafin ranarmu, sai ya haura digiri 1,600 yake laushi. Robar da ke kewaye da shi ce matsalar. Yawancin kebul na waje an yi su su yi aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 70. Roba tana miƙewa da rana ta tsuke da dare fiye da gilashi sau ɗari ko fiye. Saboda haka ake sa zaren sako-sako a cikin bututu mai man jel, da ɗan rarar tsawo, a nannaɗe bututun kewaye da sandar tsakiya. Idan kebul ya miƙe, rarar ce ke biya. Wanda ya shimfiɗa kebul ɗin cikin gida a kan kwano, ko ya ɗaure shi tsakanin falwaya biyu kamar tsirkiya babu ɗan sassauci, zai ga ƙarfi na hawa da sauka tsakanin azahar da asuba. Baƙar rigar waje kuma ba ado ba ce, baƙin ne ke kare robar daga rana. Fari ko rawaya idan ya daɗe a waje farfashewa yake yi.

Wajen ja, ƙarfin ya tafi kan zaren aramid mai ruwan ɗorawa ko sandar tsakiya, kada a kama riga kawai. Manyan kebul da yawa iyakarsu nutan 2,700, kusan kilo 275, amma a duba takardar kowane. Kebul ɗin shiga gida bai kai ko kusa ba. Kada a ja da mota. Idan za a sauke kebul daga kan daram a tsakiyar hanya, a kwantar da shi a siffar lamba 8, in ba haka ba zai murɗe.

Damina kuma, ramukan haɗi suna cika da ruwa. Ruwa ba ya kashe haske yadda yake kashe wayar wuta, amma idan ya shiga akwatin walda ya samu gilashi tsirara, abin da Ramatu ta faɗa ne zai faru. A duba robar bakin akwati, a toshe ƙofofin da ba a yi amfani da su ba. Sai ɓera, da masu ƙona shara a gindin falwaya, da katafilar masu aikin titi. Ɓarayin waya ma suna yanka shi suna neman tagulla, babu ko gram ɗaya a ciki.

Mumuni: Baba Alhaji, tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta, ke nan tsawa ba ta da hanya?

Alhaji Tanko: Zaren ba ya ɗauka. Amma kebul mai sulken ƙarfe, da na shiga gida mai wayar ƙarfe a gefe, suna ɗauka sarai. A haɗa sulken da ƙasa, a kuma nisanta shi da wayar wuta. Kusa da layin lantarki ADSS ake sawa, wanda babu ƙarfe a jikinsa ko kaɗan.

Malam Issaka: Ƙarfin sulke ma yana da iyaka. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a rana ɗaya, intanet ta durƙushe a Ghana da maƙwabta, kuma gyaran ya ɗauki makonni domin sai jirgin ruwa ya ɗago su. Zaren da ke cikinsu kaurinsa ɗaya da wanda ke jakar Mumuni.

Fuseini: Bari in ƙarasa nawa, don ba a gama da batun kan kanekta ba. Koren kai da shuɗin kai ba sa haɗuwa. Koren, APC, an goge bakinsa a karkace da digiri 8 don hasken da ya dawo baya ya faɗa bango. Shuɗin, UPC, a miƙe yake. Ka soke su tare, bakunan ba za su haɗu ba, iska ta shiga tsakani. Duk inda gilashi ya haɗu da iska kusan kashi 4 cikin 100 na hasken yana komawa baya, ga asarar dB da yawa, ga karce a kan duka biyun. Tsarin aiki: a duba da madubin kanekta, a goge a bushe, a sake dubawa, sannan a soke. Idan bai fita ba, ɗigon alkohol mai kashi 99 a kan ƙyallen da ba ya barin zare, a bi da busasshe. Sifirit ɗin kemis yana da ruwa a ciki, yana barin tabo. Sabon kai daga leda ma a duba shi, hular da ke kansa ba shaidar tsabta ba ce.

Masta Seidu: Walda ma jerin nan take so. Sa hannun riga, wato bututun da ke kare walda, mai milimita 40 ko 60 tun farko, ɓare kamar santimita 3 zuwa 4, goge har zaren ya yi ƙara, sannan yanka. Bayan yanka kada komai ya taɓa bakin, ko ƙyalle. Karkatar yanka kada ta kai digiri 1. Walda mai kyau 0.02 zuwa 0.05 ce, wadda ta wuce 0.1 a karya a sake. Idan inji ya fara ba da kumfa ko siririn wuya, a goge kwarmin da zare ke kwanciya, a juya wuƙar kiliba zuwa lamba ta gaba, a yi gwajin tartsatsi. Da hunturu a yi aiki cikin mota ko tanti. Lambar da inji ke nunawa hasashe ne daga hoto, ba awo ba ne.

Injiniya Ramatu: Awon OTDR, na'urar da ke harba haske cikin zare ta nuna inda asara take da nisanta, shi ma yana son fassara. Idan aka haɗa G.657 da G.652, daga gefe ɗaya waldar za ta iya nuna kamar haske ya ƙaru, daga ɗaya gefen ta nuna babbar asara. Bambancin faɗin dunƙulen haske ne. A harba ta gefe biyu, a haɗa lambobin a raba biyu, wannan ce asarar gaskiya. A sa igiyar gabatarwa, wato zaren da ake sawa tsakanin na'urar da layi, mai tsawon mita 500 ko fiye don a ga kanekta ta farko. A kan layin da ke aiki a harba a 1625 ko 1650 da na'ura mai tacewa.

Mumuni: Idan OTDR ta ce tsinkewa na mita 3,200, a nan za a haƙa?

Alhaji Tanko: A'a, ɗana. Tsawon gilashi ta auna, ba tsawon titi ba. Zaren ya fi kebul tsawo saboda nannaɗewar bututu, kebul kuma ya fi hanya tsawo saboda ragowar da ake naɗewa a kowane rami da falwaya, mita 10, 20, wani wuri 30. Ka nemo waldar da ta fi kusa da tsinkewar a kan zanen na'ura, ka je akwatinta, ka karanta lambar mita da aka buga a jikin kebul, daga nan ka ƙidaya. A tabbatar kuma lambar jinkirin haske da aka sa wa na'urar ta dace da zaren, wajen 1.468 ce ga G.652. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a kilomita 3 mita 30 ne na haƙa a banza.

Masta Seidu: A kusa kuma jar fitilar gwaji mai nanomita 650 ta isa, inda ja ya ɓullo ta jikin riga nan ne karaya ko matsi. Ita kaɗai ido ke gani. Hasken 1310 da 1490 da 1550 ba a ganinsa, ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, don haka mita ake nuna wa bakin zare, ba ido ba. Guntayen da kiliba ta yanke a ɗauke su da salatif a zuba a kwalba mai murfi. Idan suka shige fata ba sa ganuwa, kuma a gidan mutane ake aikin, inda yara ke rarrafe a ƙasa.